Gargaɗin da Muka Yi wa Dariya

Nabuasiga, Navosa, Fiji
24 ga Janairu

Zuwa ga tavale, taubashiyata Salanieta, wadda ta gudu Ostareliya don tsoron noman gwaza.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya kamar yadda muke nan. Nei ɗinki, gwaggonki uwata, tana gaishe ki, gwiwarta dai jiya i yau. Matata Torika ma na gaishe ki, ga ta nan a bakin murhu tana ta tsoma baki, wai in rubuta cewa shekara uku ba ki aiko hoto ba don kin tsufa. 'Yan matanmu biyu sun koma makarantar kwana. Ni kuwa garau nake, har ƙiba nake yi, don ki ji haushi.

Na san kin ji labarin ruwa a rediyo. Kwana shida yana zuba ba ƙaƙƙautawa. Kogi ya lashe gonakin gwaza na gangare kaf, ya tafi da gadar katako, motar kaya kuma sai dai ta tsaya a ƙetare mu je mata da dawaki. Ɓeraye duk sun gudo cikin gari, wasu ƙatti kamar kyanwa. Na ga wani a bayan coci, na ce wannan ai dangin su Sala ne, tafiyar iri ɗaya ce.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. Kalokalo ta yi ɓari. E, ita dai, goɗiyar Momo Ilisoni, mahaifinki, wadda na kwance daga turke ranar da aka binne shi, kina tsaye kina cizon leɓe, don kin san ɗan 'yar'uwa abin da ya ga dama yake ɗauka a gidan kawunsa, ba mai cewa uffan. Saura wata biyu ta haihu. Ranar Talata da safe ina gona aka zo aka kira ni. Kafin in iso Torika ta riga ta shiga garken, caɓi har idon sawu, ta jawo ɗan da hannunta. Namiji ne, har gashi ya fito masa. Ta binne shi a gindin lemo, ta ja goɗiyar zuwa gurbin wanki ta wanke ta tas, tana yi tana mata magana kamar mace 'yar'uwarta. Na ce, "Ni da na yi zazzaɓi bara ba ki yi mini rabin wannan ba." Ta ce, "Kai ka taɓa sauko mini da buhun rogo daga kan tudu ba ka yi mita ba?"

Yanzu kuma idonta na hagu ke zubar da hawaye. Rana na ɗagowa sai ta rufe shi ruf, in ka buɗe sai ka ga kamar an ɗiga madara a ciki. Kuma ba ita kaɗai ba ce. Goɗiyar maƙwabcina Kitione ta yi ɓari, ta fasto ma haka, duk cikin kwana goma. Dattawa sun ce wahalar iyo ce, wasu sun ce ciyawar da ruwa ya kwanta a kai ce.

Ke da kike wanke wa dawakin Turawa gindi, ki tambayar mana likitan naku. In akwai maganin ɗigawa ki faɗa mana sunansa. Torika ta damu ƙwarai. Ni ma dai na damu, ban da wannan goɗiya ba mu da abin ɗaukar kaya.

Naki, wanda ya fi ki kyau tun muna yara,
Setareki

Townsville
9 ga Fabrairu

Zuwa ga tavale Setareki, ɓarawon dawakin marayu.

Na sami takardarka jiya, na yi murna da jin kuna lafiya. Ka durƙusa ka gaishe mini da Nei, ka ce ta riƙa gasa gwiwar da ruwan zafi. Ka gaya wa Torika hoto na nan tafe, amma ta ɓoye shi, kada ka gani baƙin ciki ya hana ka cin abinci. Ni lafiya lau, sai zafi. Nan ma damina ce, kwaɗi har cikin banɗaki.

Labarin Kalokalo ya taɓa ni, ka san ni na raɗa mata suna ranar da aka haife ta. Na karanta wa Dakta Halloran, likitan dabbobin da nake yi wa aiki, amma na tsallake wurin ɓera don kada ya san irin dangin da Allah ya haɗa ni da su. Bai bari na kai ƙarshe ba ya ce lefto ce. Sunan da tsawo, leptospirosis, kada ka gwada faɗa harshenka ya ƙulle. Abin mamaki, aikin da muke yi ke nan tun Nuwamba. Muna bin gonakin rake na wajen Ingham muna ɗibar jinin dawaki, ni ce mai riƙe linzami da rubuta lamba a jikin kwalba. Cikin sittin da muka ɗiba, ashirin da uku sun nuna sun taɓa kamuwa, kuma yawancinsu sumul suke, masu su har rantsuwa suke yi dokinsu bai taɓa ko tari ba. Ƙwayar cutar a fitsari take fita, na ɓera, na shanu, na alade, na dokin kansa. In aka yi ambaliya sai ruwa ya kwashe ta ya raba wa kowa. Goɗiya ta yi ɓari, ido ya yi fari, ya lafa, ya sake dawowa, a kwana a tashi ya mutu gaba ɗaya.

Yanzu buɗe kunnen nan naka mai faɗin ganyen gwaza. Tana kama mutum. Ta faso take shiga, da ƙaramin rauni, da ido, da baki, kai kuwa fason ƙafarka ko akuya za ta iya shiga ta kwana. Ku sayi takalmin ruwa, in akwai mai girmanka a duk Fiji. Ku daina taɓa ɓari da hannu. Ku mayar da mashayar dawaki ƙasa da gurbin wanki, ba sama ba, shekara nawa kuna wanka da fitsarin doki, shi ya sa kake wari. Kuma duk wanda ya yi zazzaɓi da ciwon kai, sharaɓarsa na ciwo, ko idonsa ya yi ja, kada a tsaya dafa ganye. A ranar a sauka da shi wurin nas, a ce mata lefto. Allurar fenisilin ce, kyauta ake yi, ko rago irinka ba shi da hujja.

Maganar ido kuwa, ku ɗaure ta a inuwa, ku rufa mata ƙyalle mai duhu saboda rana da ƙudaje. Akwai na ɗigawa, amma sai likita ya duba tukuna. Zan tambaya ko akwai malamin dabbobi da ke hawa wajenku.

Ka ce wa Torika sannu da ƙoƙari. Ita ce mai goɗiyar, kai suna kawai ka ɗauka.

Taka, wadda ta fi ka hankali ko tana barci,
Salanieta

Nabuasiga
27 ga Fabrairu

Zuwa ga babbar likitar fitsari ta ƙasar Ostareliya.

Muna gaishe ki da kyau, Nei ta ce ta gode, ruwan zafin ya yi mata daɗi. Takardarki ta iso ranar Asabar a aljihun direban motar kaya. Ta ɗan sha ruwa, amma zagin duk ya karantu. Ranar Lahadi da aka tashi daga coci, muna zaune a rumfa ana dama yangona, jiƙon saiwar nan da maza ke sha a wurin hira, na karanta ta a bainar jama'a. Tavale, kin gama da mutane. Da na kai wurin akuya da faso, Kitione ya ƙware, sai da aka bubbuga masa baya. Torika daga wajen mata ta ce in maimaita wurin wari, ta yi ta dariya har da hawaye.

Amma haba, Sala. Ni za ki yi wa sau biyu? Kin manta shekarar da kina makaranta a Suva kika rubuto cewa gwamnati na raba sirdi kyauta a Keiyasi ga duk wanda ya zo da doki uku? Na aro biyu na haɗa da namu, na yi yini guda ina sauka, na tarar da ofis a kulle da wani tsohon kare a bakin ƙofa. Har yau Mai Sirdi ake ce mini a garin nan. Yanzu kuma wai a sauka wurin nas, kyauta ne. Ina kaiwa nan Kitione ya ce, "Ga sirdi ya dawo." So kike in je gaban yarinyar nan nas in ce mata fitsarin ɓera ya kama ni, a yi shekara goma ana ba da labarina. Ke ma kin san ba za ta saɓu ba. Sittin da ashirin da ukun nan dai ya burge ni, kin iya tsara ƙarya yanzu, zamanki da Turawa bai tashi a banza ba.

Ƙyallen dai mun rufa mata, wannan ya yi kama da maganar hankali. Idon ya ɗan buɗe amma farin bai tafi ba. Ingarman maƙwabcinmu Apenisa ma ya fara hawaye, da wata ƙaramar goɗiya ta gidan mai gari.

Gida lafiya, sai Torika da ke fama da masassara tun ranar Talata, yau kwana huɗu. Kin san ta da wanki. Tun da ruwa ya janye kullum tana gurbi da kayan da laka ta ɓata, namu da na Nei, har da labulen coci. Kanta ke sara, ta ce ƙafafunta kamar an yi musu duka da sanda, ko tabarma ba ta so ta taɓa sharaɓarta. Idonta ya yi ja, na ce mata yanzu ke da Kalokalo kun zama tagwaye. Ta ce in gaya miki takardarki ce ta yi mata baki, tunda duk abin da kika lissafa sai da ya zo, kuma in kin dawo za ku gamu. Nei na dafa mata ganyen lemo da citta, tana yin gumi sosai. Masassarar damina ce, rabin gari sun yi ta. Kogi ma ya sake cika, ba mai ƙetarewa da mara lafiya a kan abin da ganye zai warkar.

Ki aiko hoton, muna so mu kori ɓerayen da suka rage.

Naki,
Mai Sirdi

Townsville
13 ga Maris

Setareki,

Ina gaishe ku duka. Babu wasa a cikin wannan takarda, ko kalma ɗaya. Na rantse da kabarin babana.

Ka ɗauki Torika ka kai ta wurin nas a ranar da wannan ta same ka, ko da ta ce ta ji sauƙi. Ciwon haka yake, yakan lafa kwana ɗaya ko biyu, mutum ya tashi har ya yi shara, sannan ya dawo ya kama ƙoda da hanta. In idonta ya koma rawaya, ko fitsari ya ragu, ko ta yi tari da jini, kada ku tsaya wurin nas ma, ku wuce asibiti a Sigatoka. In kogi a cike yake ku ɗaure sandunan gora kamar kwale-kwale ku ƙetare da ita.

Takardarka kwana goma sha uku ta yi a hanya. A tsaye na karanta ta a bakin gidan waya, sannan na zauna a kan dakali. Tun jiya nake neman wayar ɗakin shan magani, an ce ruwa ya kayar da sandar. Na kira Sereana a Lautoka, 'yar ƙanwar mamata, ta yi alkawari za ta ba direban motar kaya saƙo. Ban san wanne zai riga isa ba.

Maganar sirdi ni na yi, ƙarya ce, ina da shekara goma sha shida. Wannan ba ita ba ce. Abin da na rubuta gaskiya ne daga farko har ƙarshe, da sittin ɗin, da allurar, da gurbin wanki. Ka kai wa fasto wannan takarda, shi ya karanta wa jama'a, ba kai ba, kuma ba a wurin yangona ba. Duk waɗanda ka ce sun yi masassara a garin, a sauka da su.

Don Allah, tavale. Ka rubuto ko layi biyu ne.

Salanieta

Townsville
31 ga Maris

Setareki,

Gaisuwa gare ka, da Nei, da Torika, da yara. Yau kwana goma sha takwas ba amsa. Sereana ta ce ta ba da saƙon, daga nan ba ta ce komai ba, in na kira sai ta ce tana da baƙi.

Ina ta gaya wa kaina ko fushi ka yi don na rubuto maka kamar hukuma, ban ko zage ka ba. In haka ne ka yi ta fushinka, na yarda, ka dai sa Torika ta rubuto da hannunta. Jiya muka ɗibi jinin dawakin wani manomi, na rubuta lamba ɗaya a kwalba uku. Dakta Halloran ya ce in tafi gida in huta. Na je gidan, ban huta ba.

Ga hoton da ta ce. Bai yi kyau ba, iska ta tayar mini da gashi. Ka ba ta ta yi dariya son ranta.

Salanieta

Nabuasiga
16 ga Afrilu

Salanieta,

Ina gaishe ki. Nei na gaishe ki. Yara suna gida, ban mayar da su makaranta ba tukuna. Jikinmu lafiya.

Torika ta rasu ranar Asabar, bakwai ga Maris, da hantsi, a asibiti a Sigatoka. Mun kawo ta gida mun binne. Kwana shida ke nan kafin ki ɗauki biro ki rubuto mini waccan takardar da babu wasa a ciki. Sereana ta sani, kada ki ga laifinta. Ni na roƙe ta, na roƙi kowa, kada a gaya miki, na ce ni zan faɗa da kaina. Sai na yi wata guda ina ɗaukar takarda ina ajiyewa. Ki yafe mini wannan.

Yadda kika ce haka ya faru, kamar kina wurin. Washegarin ranar da na rubuto miki ta tashi garau. Ta share tsakar gida, ta dafa rogo da ganyen gwaza, ranar Lahadi ta yi waƙa a coci, muryarta ta fi ta kowa. A hanyar dawowa na ce mata, "Kin gani, ganyen Nei ya fi allurar Sala." Ta ce, "Ka rubuta mata haka, ka ja layi a ƙarƙashi." Ranar Litinin ta faɗi a bakin murhu. Ranar Laraba idonta ya koma rawaya, ta yini ba ta yi fitsari ba.

Nei ce ta ce in ɗauko takardarki. Na zauna a bayan ɗaki ni kaɗai na sake karantawa, ina tsallake zagin yadda kika tsallake wurin ɓera. Da na cire akuyar, na cire warin, na cire takalmin, abin da ya rage ciwon Torika ne sak. Duk yana nan a rubuce, Sala. Kwana goma sha ɗaya yana cikin aljihun rigar cocina.

Da gari ya waye muka ɗora ta a kan Kalokalo. Ina jan linzami, Kitione na tallafe da ita, goɗiyar da ido ɗaya tana lalube da ƙafa, ko sau ɗaya ba ta yi tuntuɓe ba. Muka ɗaure gora muka ƙetare. Nas ta tambaye ni tun yaushe, na ce kwana goma. Ta juya ta ɗauko kayan aikinta. Da ma zagina ta yi. Ta yi mata allura, ta nemo mota. A asibiti ma sun yi iya yinsu, likita ya ce ƙodar ta riga ta tsaya, kuma jini ya sauka a huhu.

Ranar Juma'a da yamma ta ɗan dawo hayyacinta. Ta tambayi yara, ta tambayi ko an ba goɗiya ruwa. Sai ta kama hannuna ta ce, "Ka ce wa Sala wannan karon ita ta ci." Ta so ta yi dariya, tari ya hana ta. Ba ta sake wata magana da na gane ba.

Takardarki ta biyu fasto ya karanta ta a coci kamar yadda kika ce. Ba wanda ya ko motsa. Mutum bakwai suka sauka wurin nas, an ce biyu lefto ce, har da matar Kitione. An yi musu allura, yanzu haka tana can tana daka. Ina murna da haka, Allah ya sani, amma in na ji ƙarar taɓaryarta sai in bar gidan in tafi gona. Mun mayar da mashaya ƙasa da gurbi. Na ƙirga dawakin garin nan, talatin da ɗaya ne. Goɗiya shida sun yi ɓari, biyar suna da ciwon ido, sauran kuma yanzu in na kalle su ban san me nake kallo ba.

Maza sun zo sau biyu suna cewa a harbe Kalokalo, wai ita ta kawo. Idon hagun ya mutu, na daman ya fara hawaye. Kullum da safe sai ta zo ƙofar kicin ta tsaya, inda ake miƙo mata ɓawon rogo. Wata rana ina jin in ɗauko bindigar da kaina, wata rana ina jin duk wanda ya taɓa ta sai mun mutu tare. Ki gaya mini abin da zan yi.

Hoton ya iso shekaranjiya. Yara sun manna shi a bango.

Abu ɗaya ya rage, shi ne ya hana ni rubutu duk kwanakin nan. Kowa a nan ce mini yake lokacinta ne ya yi. Fasto ya ce haka, Nei ta ce haka, nas ma da na tare ta a hanya ta ce Allah kaɗai ya sani. Duk lallashina suke yi, ni kuwa lallashin ya ishe ni, ya fi dariyar sirdi zafi. Ke kin san ciwon nan. Ranar Lahadi na karanta takardarki, ranar Talata zazzaɓi ya fara, kuma ran nan kogi bai cika ba tukuna. Da na sauka da ita a ranar, da tana raye? Kada ki yi mini wasa, kada ki lallashe ni. Ki ce e ko a'a.

Setareki

Townsville
1 ga Mayu

Tavale,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Nei, ka rungume mini yaran. Ubangiji ya ba Torika hutawa, ya riƙe ku. Kwana uku takardarka na hannuna. Na yi kuka har maƙwabciyata ta ƙwanƙwasa ƙofa, har yanzu ban gama ba, amma ba zan bar ka kana jira ba.

Kada ku harbe Kalokalo. Ba wanda zai iya ce maka daga ɓarin ne, ko daga gurbi, ko daga ɓeran da ya bi ta kan kwanon abinci. Ko kun harbe talatin da ɗayan duka, ɓeraye da shanu da aladu suna nan, kogin ma yana nan. Ka killace ta nesa da ruwa, ku sa takalmi in za ku shiga wurinta. Na ɗauki hutu, zan zo cikar kwana ɗari da rasuwarta a watan Yuni. Dakta Halloran yana neman yadda za a yi a ɗibi jinin dawakin garin gaba ɗaya, a san inda aka tsaya. In sun sake zuwa da maganar bindiga, ka ce su jira 'yar Ilisoni.

Yanzu tambayarka. E. Likita ba ya rantsuwa a kan ran mutum, ni kuwa ba likita ba ce, amma waɗanda aka yi wa allura a kwanakin farko yawancinsu tashi suke yi, ka gani da idonka a gidan Kitione. Da ka sauka da ita ranar Talata, abin da na yi imani da shi shi ne da yau tana tsaye a bakin murhu tana tsoma baki a takardarka. Ka ce kada in lallashe ka, ban lallashe ka ba.

Amma ba kai kaɗai za ka ɗauka ba, don akwai abin da ba ka sani ba. Takarda biyu na rubuta ranar tara ga Fabrairu. Ta farkon a miƙe na rubuta ta, yadda Dakta Halloran ya faɗa mini, babu akuya, babu wari. Da na karanta sai na ji kamar wata baƙuwa ce ta rubuta. Tun muna yara ban taɓa yi maka magana a miƙe ba, haka aka koya mana, tavale ba ya gaishe da tavale sai da zagi. Na ji tsoron ka karanta a rumfa a ce zama da Turawa ya canza Sala, ta manta yadda ake yi. Sai na ture ta gefe na sake wata, na zauna ina zaɓen zagin da zai fi sa ku dariya, ina jin daɗin kaina.

Ta farkon tana nan, ban yar da ita ba, ga ta a gabana. Layi goma sha ɗaya ce. Layin farko cewa ya yi, Torika ta taɓa ɓarin da hannunta, ka sa mata ido, ranar da jikinta ya yi zafi ka sauka da ita.

Taka,
Salanieta